Wata uku da fara gudu, zan iya zuwa Legas?

Assalamu alaikum Yaya. Ni ma'aikaci ne a nan Kano, shekarata 34. Wata uku ke nan da na fara gudu bayan sallar asuba, saboda likita ya ce jinina ya fara hawa, in rage ƙiba. Da farko ko zagaye ɗaya na filin ƙwallon unguwarmu ba na iyawa sai na tsaya ina haki. Yanzu kuwa ina yin kilomita 5 sau uku a mako, na ma taɓa yin 8 sau ɗaya. Abokan guduna sun shirya zuwa gudun fanfalaki na Legas a watan Fabrairu, saura wata huɗu, ni ma na ce da ni za a je, har na faɗa wa maiɗakina da mutanen ofis. Na samo jadawalin atisaye na mako 16 a intanet. Damuwata ita ce mako biyu ke nan ƙwabrina na dama yana ciwo, sai na sha magani nake fita. Shin na kai in fara wannan shiri? In ban kai ba, ta yaya zan gane ranar da na kai? Gaskiya ina jin kunyar janyewa.

Ƙaninka, daga Kano.

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba zan ja ka da nisa ba: ba ka kai ba tukuna, kuma wata huɗun nan ba za su kai ka ba. Na san ba wannan amsar ka so ji ba, amma da in yi maka daɗin baki ka dawo daga Legas da sanda, gara ka ji haushina yau.

Kafin komai, sannu da ƙoƙari. Mutumin da zagaye ɗaya ke kayar da shi, yau yana cinye kilomita biyar kafin rana ta fito, ya yi abin a yaba. Da yawa takalmin kawai suke saye, su fita kwana uku, shi ke nan an gama. Kai ka wuce wannan wurin.

To amma bari mu auna abin da kake shirin tunkara. Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195. A ƙiyasce, kamar ka tashi daga cikin Kano ne da ƙafa ka ce sai Wudil. Kilomita takwas ɗin nan da ka yi sau ɗaya kake alfahari da ita, sai ka jera ta sau biyar ba hutu, sannan a ce maka da saura. Manyan gwanaye awa biyu da 'yan mintoci suke yi su gama, amma sabon shiga irinka awa biyar ko shida zai kwashe a kan ƙafafunsa. Malam Bahaushe da ya raɗa masa suna gudun yada ƙanin wani ya san abin da ya gani a hanya.

Abin da ke ruɗar duk mai farawa shi ne sassan jiki ba tare suke ƙwarewa ba. Zuciya da huhu masu saurin ɗaukar darasi ne. Cikin 'yan makonni hakin ya ragu, numfashi ya daidaita, sai mutum ya ji kamar iska ce ke ɗaukarsa, ya ce ai na zama ɗan tsere. Ƙashi da jijiyoyi kuwa, irin su agara da waɗanda ke riƙe da gwiwa, watanni suke ɗauka kafin su saba da duka. Duk takun da ka yi a guje, ƙafarka tana karɓar nauyin jikinka ninki biyu zuwa uku, kuma a gudun fanfalaki ɗaya za ka yi taku sama da dubu arba'in. Yadda ƙashi ke ƙara ƙarfi ma abin lura ne. Idan ya fara shan wahala, jiki yakan fara kankare tsohon da ya gaji ne kafin ya shimfiɗa sabo, kamar yadda magini ke kankare tsohon yaɓe kafin ya yi wani. A wannan tsakanin bangon ya fi kowane lokaci rauni, ruwa kuwa in ya sauka a lokacin ka san abin da zai biyo baya. Wata na biyu zuwa na huɗu da fara gudu, nan ne mutane da yawa ke jin ciwo, daidai lokacin da huhu ke ce musu su ƙara. Kai yanzu a nan kake tsaye.

Shi ya sa a duk wasiƙarka babu layin da ya tsaya mini a rai kamar na ƙwabrin nan. Legas tana iya jira, shi ba zai jira ba.

Ciwon ƙwabri na masu gudu iri biyu ne, kuma da yatsanka za ka iya fara bambancewa. Na farko yakan bazu ne a gefen ƙashin ta ciki, tsawon kamar tafin hannu ko fiye. Yana damunka idan ka fara gudu, ya lafa idan jiki ya ɗumama, ya dawo bayan ka huta. Wannan alama ce ta an ɗora wa ƙafa kaya fiye da ƙarfinta, kuma hutu da rage gudu sukan warkar da shi. Na biyun shi ne abin tsoro: wuri ɗaya tak, wanda kan yatsa zai iya rufewa, in ka danna ka ji har cikin ranka. Gudu ƙara shi yake yi maimakon ya lafa, ba ka iya tsalle da ƙafar ita kaɗai, wani lokaci har da dare kana kwance yana zugi. Wannan yana iya zama ƙashin ne ya fara tsagewa a hankali. Ba karaya ba ce irin ta haɗarin mota da mai ɗori zai ja ya ɗaure, don haka kada ka bari a murza maka shi. Asibiti za ka je. Ka kuma sani hoton ƙashi na farko ba lallai ya nuna komai ba, domin irin wannan tsagewar takan ɗauki makonni kafin ta fito a hoto. Idan ita ce, maganar gudu ta tsaya ke nan na mako shida zuwa takwas, wani lokaci fiye.

Sai maganin da ka ce kana sha. Ba ka faɗi sunansa ba, amma na san abin da mai kemis ke miƙo wa wanda ya ce ƙafarsa na ciwo: ibuprofen ko diclofenac. Ka daina sha don ka samu fita. Ciwo ɗan aike ne, kai kuma kana toshe masa baki kana ci gaba da taka wurin da ya zo kai ƙara a kansa. Ban da haka, irin waɗannan magungunan suna iya ƙara hawan jini, suna kuma wahalar da ƙoda, musamman in jiki ya zubar da ruwa ta gumi. Mutumin da ya fara gudu don jininsa ya sauka, ya koma yana haɗiyar abin da ke ɗaga jinin don ya iya gudun, ka ga an yi ba a yi ba ke nan.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi ta farko amfani: ta yaya za ka gane ka kai?

Ɗauko jadawalin nan na mako 16 ka duba makonsa na farko. Yawancinsu da dogon gudu na kilomita goma ko fiye suke buɗewa, jimillar mako kuma wajen 25 zuwa 30. Kai kilomita 15 kake yi a mako. Wato tun ranar farko za a ce ka ninka abin da ƙafarka ta riga ta fara kuka a kansa, daga nan kuma hawa ake yi har a kai ranar da za ka yi kilomita 30 ko 32 a fita ɗaya. Waɗanda suka rubuta irin wannan jadawali sun ɗauka mai karantawa ya riga ya aza harsashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Harsashin, a ganina, shi ne ka shekara kana gudu ba ka ɗauke ƙafa ba. Wasu masu horarwa sukan yarda da wata shida ga wanda dama yana buga ƙwallo ko yana aikin ƙarfi, amma ga ma'aikacin ofis mai shekara 34 da ke rage ƙiba, ni shekara nake cewa. A ƙarshen wannan shekarar ya kasance kana fita sau huɗu a mako, kana haɗa kilomita 30 ko kusa da haka, kuma ka yi wata biyu ko uku a haka babu inda ke ciwo in ban da tsamin jiki na kwana ɗaya. Ya kasance ranar Asabar za ka iya yin kilomita 15 ko 16, ka dawo ka yi wanka ka karya, ka tafi ɗaurin aure ko kasuwa ba wanda zai gane ka yi wani abu. In kuwa bayan dogon gudu sai ka wuni a kwance ana yi maka sannu, da sauranka. Sannan ya kasance ka taɓa gama rabin tazarar, kilomita 21, ka ji a ranka cewa da saura a jikinka.

Akwai kuma ma'aunin da ba a ƙafa yake ba. Shirin gudun fanfalaki yana cin lokaci kamar ƙaramin aiki na biyu. A watanni biyun ƙarshe za ka riƙa ɓacewa awa uku kowace Asabar, kana buƙatar barci da wuri, abincinka zai ƙaru. Idan akwai jariri a gida, ko aiki ya taso ka a gaba, ko kana karatun dare, to ko ƙafa ta kai rayuwa ba ta kai ba. Wannan maganar da maiɗakinka za ka yi ta, domin ita za a bar wa yara da cefane.

Ka san Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi wannan tazarar cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyana a 2019. Tun 2003 ya zama zakaran duniya a tseren mita 5,000 a Faris, yana ɗan shekara 18, amma bai shiga gudun fanfalaki ba sai 2013 a Hambag. Shekara goma yana gajerun tsere. Ban ce kai ma sai ka yi goma ba, shi neman kambu yake, kai neman gamawa lafiya kake. Haka yaran Pankshin da sauran sassan Filato da ke yawan zama kan gaba cikin 'yan Najeriya a irin wannan gasa: tun suna ƙanana suke hawa da sauka a duwatsu, a ƙasar da ta fi mita dubu bisa teku. Ranar gasa kawai muke gani a talabijin.

Ni kaina ban ji wannan shawarar ba lokacin da aka ba ni. Wata bakwai da fara guduna na shiga na farko, ina ganin tunda na taɓa yin kilomita 20 ai sauran ƙarfin hali ne. Har kilomita 25 ina ɗaga wa mutane hannu. Wajen 31 sai na ji kamar an zare mini wani abu a jiki. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta iyakarsa ke nan, wajen kilomita 30 yake ƙarewa ga yawancin mutane, kuma wanda bai koya wa jikinsa tattali da cin wani abu a kan hanya ba, nan yake tsayawa cak. Sha-raɓata ta ɗaure, cinyoyina suka ƙi lanƙwasuwa, na ƙarasa da tafiya ina jan ƙafa kamar wanda aka yi wa kaciya. Na karɓi lambar, ba ƙarya. Amma mako guda a zaune na yi salla don gwiwa ta ƙi sujada, kuma wata biyu ban sake gudu ba. Ƙibar da na sauke duk ta dawo ta same ni a inda ta bar ni.

Legas kuma tana da nata sharrin ga ɗan Arewa. Watannin da za ka yi atisaye, Nuwamba zuwa Janairu, hunturu ne a Kano: sanyin asuba, iska busasshiya, gumi na fita yana bushewa nan take. Jikinka zai saba da wannan daɗin. Ka sauka Legas ka tarar da iska mai laima, inda gumi ke zuba amma ba ya bushewa, alhali bushewar tasa ce ke sanyaya jiki. Tun 2016 ake wannan gasar, kuma hanyar da aka yi shekaru ana bi a baya takan tashi ne daga babban filin wasa na Surulere, ta haye gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 babu inuwar ko bishiya ɗaya, ta ƙare a Eko Atlantic. Da sassafe ake tashi. 'Yan Kenya da Habasha sun gama sun sha ruwa tun rana ba ta yi zafi ba. Mai awa shida kuwa, shi da rana ne har kusan azahar. Wanda ya fi kowa rashin shiri shi ya fi kowa daɗewa a cikin zafin.

Saboda haka kafin ka sa wani dogon buri, koma wurin likitan nan naka. A sake auna jinin, ka faɗa masa ainihin abin da kake niyya, kada ka ce masa "ɗan motsa jiki". Idan a danginku akwai wanda ya yanke jiki ya faɗi ya rasu yana matashi, ka faɗa. Ka kuma duba takardar gwajin jinin da kuka yi kafin aure. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne, kuma ko da yake mai AS yana iya gudu lafiya lau, ya fi sauran mutane haɗari idan ya matsa wa kansa cikin zafi da ƙishirwa, don haka gara ya san kansa. Duk ranar da kana gudu ka ji ƙirji ya riƙe, ko jiri, ko zuciya na bugawa ba bisa ƙa'ida ba, ko ka dawo ka ga fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, asibiti kai tsaye.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Mako biyu masu zuwa babu gudu. Ka yi tafiya in ba ta tayar da ciwon, ko ka hau keke. Idan likita ya ce ƙashin lafiya, ka dawo a hankali, gudu minti uku tafiya minti ɗaya, kuma ka bar kwalta ka koma kan ƙasa, filin makaranta ko na ƙwallo. Ka rage sauri. Yawancin sababbin masu gudu kullum tsere suke da agogonsu ko da abokansu, alhali mafi yawan gudunka ya kamata ya zama sassarfa ce wadda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da magana ta yanke ba. In ba ka iya gaisawa da mutum cikakkiyar gaisuwa irin tamu, har da ina gajiya ya iyali, to ka yi sauri da yawa. Ƙarin nisa kuma kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da ka yi makon jiya, kowane mako na huɗu ka sassauta. Sau biyu a mako ka tsaya bakin dakali ka riƙa ɗaga dunduniya kana saukewa, ka yi tsugunna-tashi. Takalmi kuwa, in na gwanjo ne ka duba ƙasansa da kyau, domin saman yana iya sheƙi alhali sosonsa ya mutu tun a ƙafar mai shi na farko.

A watan Fabrairu ka bi abokanka Legas. E, ka je. Ana haɗa gasar da tseren kilomita 10, shi za ka yi wa rajista. Wata huɗu sun isa ka shirya masa da kyau, za ka ɗanɗana iskar garin, ka koyi shan ruwa kana gudu, ka ga yadda cunkoson farawa ke sa mutum ya zabura ya ƙone kansa tun a kilomita biyun farko. Bayan ka gama ka je wurin ƙarewa ka tsaya, ka kalli fuskokin masu shigowa bayan awa biyar. Za ka koyi abin da ban iya rubuta maka ba.

Daga nan sai bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, gudu sai da asuba kawai. Ka duba kalanda ka ga inda azumi ya faɗo, tunda kowace shekara yana matsowa da wajen kwana 11. Watan azumi na riƙe abin da aka samu ne: gajeren gudu bayan tarawihi ya wadatar, kada ka kuskura ka yi dogo da bakinka a bushe. Idan zazzaɓin cizon sauro ya kayar da kai da damina, ka ba jiki mako guda ko biyu bayan ka warke, kada ka ce za ka rama kwanakin da suka wuce. Da damina ne za ka gina nisa har ka kai 21. In Allah ya kai mu Oktoba mai zuwa kana kan ƙafafunka, ka ɗauko jadawalin nan naka, lokacin ya zama naka.

Saura kunya. Mutanen ofis da kake jin nauyi, yawancinsu daga mota zuwa kujera ne iyakar tafiyarsu, kilomita 10 da 42 duk ɗaya ne a kunnensu. Ka ce musu bana goma za ka yi, baɗi babban, za su ce Allah ya ba da sa'a su ci gaba da shan shayinsu. Abokan gudunka kuwa, wanda ya daɗe a harkar zai ce ka yi daidai, wanda ya zolaye ka kuma ka tambaye shi shekararsa nawa yana gudu. Ka tuna ma abin da ya fito da kai tun farko. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki matsakaici take nema ga baligi a mako, ko 75 na mai ƙarfi kamar gudu, kuma kai ka riga ka kama wannan. Jininka ba ya buƙatar lambar Legas. Abin da zai cutar da shi shi ne ka ji ciwo ka zauna wata uku.

Gobe bayan asuba kada ka ɗaura takalmi. Zauna a bakin gado, ka bi ƙwabrin da yatsa tun daga ƙasan gwiwa har idon sawu, ka lura ko ciwon a baje yake ko wuri ɗaya ya tsaya, sannan ka kai wa likita wannan bayanin tare da kwalin maganin da kake sha. Ka rubuto mini abin da ya ce, da abin da awon jinin ya nuna. A gaida maiɗakin.